Kurma Mai Saita Kafireta

A ƙarshen layin masu katako, in ka wuce mai walda da shagon ƙusa da fenti, akwai wata rumfar kwano da ta jingina da katangar wani gida. Teburi ɗaya ne a cikinta, mai kauri, baƙin mai ya ratsa shi har ruwa ba ya kama shi. A bakin rumfar an yar da wani gungumen itace da aka yayyanka har ya koma kamar haƙoran matsefi. Nan ne wurin aikin mutumin da duk layin ke kira Kunne. Matasa su ce Baba Kunne, sa'o'insa su ce Malam Kunne, matarsa kuwa Malam kawai take cewa, sai in ya ɓata mata rai ya koma "mutumin nan".

Sana'arsa gyaran injin zarto, irin mai sarƙar nan da ake riƙewa da hannu biyu a kayar da bishiya ko a tsaga gungume. Ba da gyara ya fara ba. Yana saurayi shi ma yanka yake yi a daji, shekara tara cur, har ranar da wani reshe ya juyo ta inda ba a zata ba ya danne masa ƙafar hagu. Ƙafar ta warke, amma a karkace. Mai ɗingishi kuwa ba ya tsere wa bishiya in ta tashi faɗuwa. Abokansa suka ce ya nemi 'yar tireda ya zauna. Ya ce shi da zarto mutu-ka-raba. In ba zai riƙe shi a daji ba, zai riƙe shi a kan teburi.

Sunan kuwa jinsa ne ya jawo masa. Yana iya zama wurin mai shayi, wani yana yanka can bayan gidaje inda ido ba ya kaiwa, sai ka ga ya ajiye kofi ya karkata kai.

"Wancan injin yunwa yake ji," in ji shi. "In ba a buɗe masa mai ba, ba zai ga Juma'a ba."

A yi dariya. Ran Alhamis sai ga mai injin ya saɓo shi a kafaɗa, fuska a murtuke.

Duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya sha karatun kafireta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Kafireta, in ji shi, ita ke dama wa inji abinci: ga fetur, ga iska, ta gauraya ta miƙa masa. Sukuru uku gare ta, ƙanana, kan kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Na ƙasa shi ke tallafar inji lokacin da zai tashi daga zaune. In ka matse shi da yawa, kana ba da wuta sai inji ya yi tuntuɓe ya mutu. Na silo shi ke riƙe inji da rai in an ajiye shi a ƙasa, kuma in an saita shi daidai sarƙa ba ta tafiya ita kaɗai ta ci ƙafar mutum. Na sama kuwa, nan yake ɗaga yatsa.

"Wannan shi ne mai kisa."

Shi ke ba da mai in an danne wuta gaba ɗaya. Ka buɗe shi da yawa, inji ya yi ta hayaƙi yana kasala kamar wanda ya ci ya wuce ƙima. Ka matse shi, inji ya kama wata ƙara siririya, ya yi gudu kamar an koro shi, mai shi ya yi ta washe baki, alhali ciki ƙonewa yake yi, domin man da ke shafa fistin, ƙarfen nan da ke kai da komo a cikin inji, a cikin fetur ɗin yake zuwa. Daidai ɗin yana tsakani: wata 'yar gargada a muryar inji, burr-burr, kamar mai kurkure maƙogwaro, wadda ke ɓacewa da zarar sarƙa ta ciji itace. Tsakanin daidai da mutuwa bai fi faɗin farce ba a juyin sukundireba. Ido ba ya ganin wannan. Kunne ke kama shi.

A kan wannan sukuru na sama ya bar aikin albashi ɗaya tilo da ya taɓa yi. Wani kamfanin katako ne ya ɗauke shi ya riƙa kula musu da injuna goma sha biyu. Shekara shida ana zaune lafiya, sai aka kawo sabon manaja, irin mai son a ce ya zo da canji. Wani ya raɗa masa cewa inji in an matse shi ya fi gudu, kuma ya fi jimirin mai. Ya aika aka kira Kunne ofis.

"Daga gobe ka matse su duka. Man da suke sha ya yi yawa."

"Ranka ya daɗe, in na matse su mutuwa za su yi."

"Ni ne manaja ko kai?"

"Kai ne manaja, ranka ya daɗe. Amma injin bai sani ba."

Manaja ya ce to ya zaɓa, ko ya matse ko ya ajiye makulli. Kunne ya zaro makullin sito ya ɗora a kan fararen takardun manaja, da baƙin man hannunsa da komai, ya ɗauki 'yar sukundirebarsa wadda da ma tasa ce, ya ɗingisa gida. Lokacin matarsa na da tsohon cikin autarsu. Ta gan shi da rana tsaka, ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau. Ina kwanon rufin nan da ya rage?"

A makon ya kafa rumfa a jikin katangarsu. Kafin damina ta fita injuna biyar na kamfanin sun kwanta. Ba za a ce bai ji daɗi ba. Ya ba da labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kowace shekara injunan da suka mutu ƙaruwa suke yi.

Shekara ashirin da shida ya yi a rumfar kafin abin ya same shi.

Matarsa ce ta fara lura. Ita tela ce, keken ɗinkinta na tsakar gida, daidai bayan katangar da rumfar ta jingina. Da can in ta kira shi cin abinci sau ɗaya ya isa. Sai ya zama sau uku. Sai ya zama sai ta leƙo da kanta. Rediyo kuwa ya riƙa ƙure shi har maƙwabta suka daina sayen batir. In ta yi magana ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Shi ya sani. Ya ma riga ta sani. Muryar inji ta ƙasa yana jin ta, amma can sama, inda gargadar nan take, sai ya ji kamar an cusa masa auduga, ga kuma wani ƙugi siriri da ba ya barinsa ko da inji a kashe yake. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa aiki da tsohon sani: ya mayar da sukuru a hankali har ya zauna, ya dawo da shi juyi ɗaya, ya ɗan ƙara, ya karkata kai kamar mai saurare, ya ce ya yi. Sau da yawa sa'a tana rufa masa asiri. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Akwai wani mai yanka da ake kira Dogo, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ya yi shekara goma sha biyar ba ya kai injinsa ko'ina sai wurin Kunne. Ran Litinin ya kawo shi a wanke kafireta a canja 'yar robar ciki. Ran Laraba da hantsi ya dawo, ya dire injin a kan teburi har gwangwanin sukurori ya kife.

"Ja igiyar," in ji Dogo.

Kunne ya ja. Igiyar ta biyo hannunsa sakaka, ba nauyi ko kaɗan. Ya kwance salansa ya haska ciki da tocila. Fistin ya goge, duk jikinsa zane-zane kamar kyanwa ta yakushe shi. Ya cire fulogi, ya gan shi fari fat kamar toka.

Dogo na ta faɗa. Mai walda ya kashe wutarsa ya matso, masu lodin katako suka ajiye abin da ke kansu.

"Tun a nan na gaya maka! Na ce Baba, ba ka ji ihu yake yi ba? Ka ce mini ya yi!"

Kunne bai tuna an gaya masa haka ba. Ya san dalili: bai ji ba ne. Da ya so, da ya ce fetur ɗin ne ba shi da kyau, ko Dogo ne bai gauraya mai daidai ba, kuma da an yarda, don wa ya isa ya ja da shi a kan inji? Ya ajiye tocilar.

"Ni na kashe shi. Ba manka ba ne, hannuna ne. Bar shi, zan tashe shi."

"Ka tashe shi da me? Da wane kunnen?" Dogo ya juya wajen mutane ya ware hannuwa. "Jama'a, mutumin nan fa kurma ne! Kurma muke kai wa inji!"

Wannan kam Kunne ya ji ta sarai, don da ƙarfi aka faɗe ta.

Autarsu, wadda ke ciki lokacin da ya bar kamfani, yanzu nas ce. Labarin na isa gare ta ta zo ta ja shi asibiti kusan da ƙarfin tsiya. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka rufe masa kunnuwa da wani abu, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya danna maɓalli. Ya zauna yana jira. Ta gilashi yana hango likita na duban sa, shi ma yana duban likita. Da aka gama likitan ya ce ƙarar inji ta shekara arba'in ce ta cinye masa ji, na hagu ya tafi, na dama da ɗan saura, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Da suka koma gida Auta ta zauna daf da kunnensa na dama.

"Baba, ya isa haka. Ka rufe rumfar nan. Maigidana yana neman wanda zai zauna masa a kanti. Kujera ce da fanka, ba abin da za ka ɗaga."

"In zauna ina korar ƙuda?"

"Ka huta mana. Ai ka yi mana abin da za ka yi."

"Auta, ƙafa ta tafi ban zauna ba. Kunne ne zai zaunar da ni?"

"Baba, ai sana'ar taka kunne ce."

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, "Ki gaida mijinki. Ki ce na gode, ya nemi wani."

A ƙarƙashin gadonsa akwai tsohon injinsa na zamanin daji, naɗe a buhu, irin na Dogo ne sak. Shekara da shekaru bai bari an taɓa ko noti ɗaya a jikinsa ba. Ya jawo shi, ya farke shi, ya cire fistin da gidansa ya sa wa na Dogo. Kwana uku ya yi a kai. Dogo ya zo, ko jan igiya bai yi ba, ya saɓa injin ya tsallaka titi.

A tsallaken akwai sabon shago na wani da ake kira Injiniya, wanda ya yi makarantar koyon sana'a, yana da wata na'ura kamar wayar hannu da ke ƙidaya gudun inji ta nuna lamba. Ba mugun mutum ba ne. Kullum sai ya tsallako ya gaida Kunne har da rusunawa, kuma wannan ladabin ya fi komai ƙona wa Kunne rai. Kunne na zaune a rumfarsa yana kallo aka sa wa fistin ɗinsa na'ura, aka juya sukuru har lamba ta yi daidai da ta littafi.

Wata biyu ba wanda ya kawo masa kafireta. Sai mai son a wasa masa sarƙa, sai mai igiyar da ta tsinke. Duk da haka ƙarfe bakwai na safe ya buɗe, ya share, ya jera kayan aiki a kan teburi kamar mai jiran baƙi. Masu wucewa su ce, "Tsohon nan da taurin kai yake." Ya samo wani mataccen inji wurin masu gwangwan, ya tashe shi, ya koma ɗan koyo a kan sana'arsa.

Ya gano cewa sukurun ƙasa da na silo ba su cika buƙatar ji ba. Ido na ganin sarƙa in ta tsaya, hannu na jin tuntuɓe in an ba da wuta. Ya riƙa dafa tafin hannu a murfin inji yana karanta girgizarsa. Wata rana har haɓarsa ya ɗora a kan mariƙin baya don ya ji abin a haƙoransa. Mai walda ya gani ya ce wa mutane tsohon ya fara taɓuwa. Na sama ne ya gagare shi. Sai ya yi yanka na ɗan lokaci, ya kashe, ya kwance fulogi ya duba: fari, yunwa, baƙi, ƙoshi ya yi yawa, kalar shayi da madara, daidai. Hanyar tana ɓullewa, amma aikin minti goma ya koma na rabin yini, kuma fulogi ba ya ba da labari sai ɓarna ta riga ta fara.

Wata safiya yana cikin wannan fama, ya danne wuta, sai ya ji an taɓa masa kafaɗa. Matarsa ce, tef ɗin awo a wuya, almakashi a hannu. Ya kashe inji.

"Malam, ka buɗe masa mana. Tun ɗazu yake ihu kamar an taka jelar kyanwa, na kasa ɗinki."

"Me kika ce?"

Ta zagayo kunnen dama. "Na ce yunwa yake ji!"

Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. "Ke kuma wa ya koya miki?"

"Katangar nan. Shekara ashirin da shida ina bayanta, kana tsammanin dutse ne a kunnena? In ya fara burr-burr ɗin nan na san ka kusa gamawa, shi ne nake ɗora maka ruwan shayi. Ka taɓa tambayar kanka yadda shayinka ke zuwa daidai?" Ta ƙara da cewa, "Na Dogo ma na ji shi ran nan."

"Kin ji? Kika yi shiru?"

"Wa ya taɓa gaya maka magana a kan inji ka ji, ko lokacin da kake ji?"

Ta koma ciki. Kwana biyu bai yi mata magana ba sai ta dole. Abinci ma a rumfa ya ci. A rana ta uku ya leƙa tsakar gida ya yi gyaran murya, ya ce in ba ta da aiki da yawa ta ɗan fito.

Ya tsayar da ita a ƙofar gida, ta juya masa baya don kada ta ga hannunsa. Suka yi yarjejeniya: hannu sama, a buɗe, hannu ƙasa, a matse, dunƙule, a tsaya. Ya riƙa ɓata saitin da gangan, wani lokaci ya matse, wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya sa sukundireba bai juya komai ba don ya kama ta. Bayan kowane gwaji ya yi yanka a gungume ya duba fulogi. Suka kai har la'asar. Sau goma, ta ci tara. Na goman har yau gardamarsa suke yi.

"To," in ji shi, yana goge hannu da tsumma, bai dube ta ba. "Ba laifi."

"Ba laifi? Mutumin nan! To ji nan. Ba na fitowa ko sau ɗaya sai ka gyara mini matakin kekena da ka shekara uku kana cewa gobe."

A yammacin ya gyara shi.

Layin masu katako ba ya rasa abin dariya. Mai walda ya leƙo ya ɗaga murya, "Malam Kunne, ashe yanzu aron kunne ake yi?"

"Ƙwarai kuwa. Amma na gida ne, ba na kanti ba."

Aiki dai bai dawo ba. Wa zai kai injin da yake ci da iyali wurin kurma da tela?

Da damina ta yi tsakiya aka yi wata iska da safe, wata tsohuwar bishiya da mutum uku ba sa iya rungumewa ta tumɓuke ta gitta babban titi. Ta tare hanyar kasuwa, ta tare ta asibiti. Motoci suka yi layi, masu babura na ta zage-zage. Aka kira masu yanka, kuma a cikinsu injin Dogo ne kaɗai mai tsawon da zai ratsa gindin. Inji ya tashi lafiya, a iska yana ƙara kamar zai tashi sama, amma da sarƙa ta nutse a itace sai ya yi zafi, ya shaƙe, ya mutu. Aka ɗauko Injiniya da na'urarsa. Lamba daidai take da ta littafi. Aka sake gwadawa, ya sake mutuwa.

Kunne na zaune yana wasa wata sarƙa sai ya ga inuwa a kan teburi. Dogo ne, gumi har ƙafa.

"Baba, ina kwana."

Kunne ya ci gaba da goga magagari.

"Baba! Ina kwana!"

"Na ji ka tun farko, bakinka nake kallo. Amma kurma ba ya amsa gaisuwar farko."

Dogo ya haɗiye abin da ya zo masa. Ya yi bayani da baki da hannu. Kunne ya gama haƙorin da yake kai, ya hure, sannan ya sa sukundireba a aljihu.

"Yanzu ba ni kaɗai nake aiki ba," in ji shi. Ya buga katanga da sifana sau uku. Jim kaɗan matarsa ta fito tana gyara mayafi.

Mutane suka dare suka ba su hanya, shi yana ɗingishi a gaba, ita tana biye da jakar kayan aiki. Ya durƙusa gaban injin bai kula kowa ba. Ya cire matacin iska ya kakkaɓe jiƙaƙƙen garin katakon da ya liƙe masa. Ya bar inji ya huce, ya tashe shi, ya dafa murfin da tafin hannu. Ya taɓa na ƙasa har tuntuɓen ya ɓace, ya taɓa na silo har sarƙa ta tsaya cak. Sannan ya ɗaga kai ya nemi matarsa. Ta ja baya taku goma, ta tsaya kusa da saiwoyin da suka tumɓuke. Dogo ya riƙe inji ya danne wuta.

Hannunta ya yi sama. Kunne ya buɗe. Sama kuma. Ya ƙara. Wani a cikin taron ya ce, "Ikon Allah, 'yar sandan hanya aka kawo mana?" Ba ta ko waiwaya ba. Sama, kaɗan. Sai ta dunƙule.

Injiniya ya matso da na'urarsa, ya duba, ya sunkuyo kunnen Kunne cikin ladabi. "Baba, ya yi ƙasa da abin da littafi ya ce."

"Littafin na sabon inji ne, ɗana. Fistin ɗin da ke cikin nan ya girme ka. In ka ce tsoho ya yi gudun saurayi, zai yi, amma sau ɗaya."

Dogo ya ɗora sarƙa a kan gindin bishiyar. Ta ciji, ta nutse. Kunne ya zuba wa bakin salansa ido, ya ga hayaƙin ya ɗan yi kauri fiye da yadda yake so. Ya daki kafaɗar Dogo ya ce ya ɗaga. Yana kai sukundireba ya waiga, ya tarar hannun matarsa ya riga ya yi ƙasa, yatsu biyu a haɗe: kaɗan. Ya matse faɗin farce. Dogo ya koma yanka. Garin katako ya riƙa feshi manya-manya kamar ɓawon gyaɗa, inji na tafiya da murya ɗaya ba fashi. Kunne bai ji muryar ba. Ta tafin ƙafarsa ya ji ta, a kwalta. Kafin azahar an buɗe gefe ɗaya na titin, motoci suka fara wucewa.

Dogo ya kashe inji ya zo ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Baki ne ya kuɓuce."

"Ba ƙarya ka yi ba. Kurma ne ni. Da na faɗa da bakina tun farko, da injinka bai mutu ba, wannan nawa ne. Amma yadda ka tara jama'a ka faɗi waccan, haka za ka faɗi wannan. Ga su nan ba su watse ba."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya hau kan gungumen da ya yanke, ya ce, "Jama'a, kurma ne ya gyara!"

"Da wa?" in ji matar Kunne daga inda take.

"Da Inna!"

Ba duka suka dawo ba. Masu sababbin injuna suna tsallakawa wurin Injiniya, kuma Kunne na cewa hakan daidai ne, amma ba a gabansa ba. Tsofaffin injuna, masu faci, waɗanda aka haɗa da kayan injuna uku, su ne nasa, kuma a layin masu katako irinsu sun fi yawa. Matarsa ta kafa doka: daga ƙarfe goma zuwa azahar take fitowa, sauran yinin na masu ɗinki ne, wanda ya makara ya dawo gobe. Shi ma ya kafa tasa: ba ta matsowa kusa da inji, daga ƙofar gida take sauraro. Ya ajiye gwangwani cike da abin toshe kunne a kan teburi, kuma ba mai yankan da ke karɓar injinsa sai ya ɗauka.

"Cewa ake yi in kunne ya ji jiki ya tsira," yakan ce musu. "To in kunnen ne ya mutu fa? Dube ni, ka ɗauka."

Auta ta sayo masa na'urar ƙara ji. Yana sa ta a gida in jikoki sun zo, in surukai suka cika surutu kuma ya faki ido ya cire.

Wata Asabar Auta ta zo gaishe su, ta tarar an kafa sabon allo a goshin rumfar, fentin bai gama bushewa ba. Da hannunsa ya rubuta, haruffan suna gangarowa gefe ɗaya: KURMA MAI SAITA KAFIRETA. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: A ƊAGA MURYA.

"Haba Baba! Wannan wane irin abu ne? Mutane fa za su yi ta dariya. Don Allah ka cire."

Ya juyo mata kunnen hagu. "Me kika ce?"

"Baba, na san ka gane."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Ta duba agogo. "Goma saura biyar."

"To matsa daga ƙofar nan, wurin uwarki ne. Injuna huɗu ke jira."